Gyaran Salansar Mota da Zaɓen Injin Walda

An shirya wannan darasi domin hakimai da malamansu, gama yanzu da wuya a sami gunduma wadda ba ta da mai walda a bakin kasuwa ko kusa da tasha. Sau da yawa gaban hakimi a ke kawo rigimar direba da mai walda don a sulhunta su, wajensa kuma iyaye ke zuwa neman shawara in ɗansu ya gama koyon sana'a yana so a saya masa inji. Wanda za a tambaya kuwa ya kamata ya san abin da zai faɗa.

Mutane da yawa suna tsammani amfanin salansa shi ne rage ƙarar mota kaɗai. Ba haka ba ne. Babban aikin bututun nan, tun daga jikin inji har bayan mota, shi ne ya ɗauke hayaƙi ya zubar da shi nesa da mutanen da ke ciki. A cikin hayaƙin akwai wata iska mai guba da a ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, jinin mutum kuwa ya fi kama ta bisa ga iskar numfashi fiye da sau 200. Wanda ya shaƙe ta sai ya ji ciwon kai, da jiri, da barci mai nauyi. To, in bututu ya huje a ƙarƙashin mota, ƙasan motar kuma ya ci tsatsa, ga tagogi an rufe saboda sanyin hunturu, sai gubar ta taru a ciki. Direba ya yi gyangyaɗi a kan hanya, a ce gajiya ce. Saboda haka ƙaramin rami a salansa ba abin da za a ɗaure da waya da gwangwani ba ne a ce sai an sami kuɗi.

Daga ciki salansa ta kan fara ruɓewa. Kowace lita ɗaya ta fetur in ta ƙone tana haifar da ruwa kamar lita ɗaya, ya fita tururi. Motar da ke gajeriyar tafiya cikin gari ba ta yin zafin da zai busar da shi, sai ya kwanta cikin tukunyar salansa yana cin ƙarfe. Don haka in rami ya bayyana a waje, galibi abin da ke kewaye da shi ya riga ya zama kamar takarda. Mai walda na kirki zai ƙwanƙwasa da guduma, ya yanke duk inda ya mutu, ya sa sabon guntu. Wanda ya liƙa faci a kan ruɓaɓɓen ƙarfe, bayan wata ɗaya motar za ta komo.

Wajen neman kaya, a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna a kan sami sabo, da na hannu wanda a ke ce wa Beljiyam, da wanda maƙera za su haɗa bisa awon motar. Na hannu a girgiza shi. In an ji wani abu yana kaɗawa ciki, faifan da ke kashe ƙara sun karye. Wanda za a haɗa kuwa, a auna faɗin bakin tsohon bututu a sayi daidai da shi, kada a matse shi wajen lanƙwasa, gama matsattsen bututu yana shaƙe inji. Sai kuma wata ƙaramar tukunya kusa da inji wadda makanikai ke kira indomi saboda zubin cikinta. Tun 1975 aka fara sa ta a yawancin motocin Amurka, aikinta rage gubar hayaƙi. Akwai ƙarafa masu tsada a cikinta, shi ya sa a kan cire ta a sayar, a mayar da bututu fanko mai mota bai sani ba. Ya kamata mai mota ya duba ta kafin ya ba da aiki, ya sake dubawa in ya karɓa.

Yanzu sai zancen inji. Kaurin ƙarfen bututun salansa bai fi milimita 1.5 ba, ko kusa da haka, wannan shi ne wahalar aikin duka. Injin walda na tsinke, wanda kowa ya sani, an yi shi ne domin ƙarfe mai kauri, irin na ƙyaure da taga da amalanke. In aka ɗora shi kan siririn bututu da tsinke mai milimita 3.2, nan da nan sai ya huda. Gwani yana iya yi da tsinke mai milimita 2 ko ƙasa, ya rage wuta, ya riƙa ɗiga kaɗan kaɗan yana bari ya huce, amma ba aikin sabon hannu ba ne. Waldar gas, ta harshen wuta, ta fi sauƙin sarrafawa a kan siririn ƙarfe, ba ta kuma bukatar lantarki, shi ya sa masu salansa suka daɗe da ita. Haɗarinta shi ne tukunyar kabayid da a ke haɗawa a gida, wadda in wuta ta koma baya cikin tiyo sai ta fashe. Tilas a sa makarin da ke hana wuta komawa, kada kuma mai ko giris ya taɓa bakin tulun oksijin.

Injin da ya fi dacewa da salansa shi ne mai tura siririyar waya da kansa, tare da gas mai kare narkakken ƙarfe, wanda a ke kira MIG. Da waya mai milimita 0.6 ko 0.8 yaro zai iya fitar da ɗinki mai kyau cikin 'yan makonni. Amma yana da tsada, tulun gas ɗinsa sai a babban gari a ke cika shi, iska mai ƙarfi kuma tana ɓata aikinsa in a fili a ke yi.

A ganinmu, yaron da zai zauna ƙauye, wanda yawancin aikinsa ƙyamare ne da gyaran garma, a saya masa injin tsinke na zamani, ƙarami, wanda a ke ce wa inbata. Ba shi da nauyi, mutum ɗaya ya rataya shi a kafaɗa, bai kuma kai tsohon mai tiransifoma jan wuta ba. Mai amfiya 140 zuwa 160 ya isa. Wanda ya ke cikin gari, salansa ce kuma sana'arsa, shi ne zai ci ribar MIG. Kada a ruɗu da manyan lambobin da a ke rubutawa jikin kwali. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, soket na ɗaki kuma amfiya 13 ya ke ɗauka, watau kamar kilowat 3, ba zai iya ciyar da injin da ke ba da amfiya 300 na gaskiya ba. Abin da za a karanta shi ne allon da ke bayan inji. In an rubuta 60% a gefen amfiya 100, ma'anarsa cikin kowane minti 10 inji zai yi aiki minti 6 a kan wannan wuta, ya huta 4. A tuna da janareta tun kafin a biya kuɗi. Ƙaramin nan na kunna fitila da fanka ba zai tayar da walda ba, sai mai kVA 5 ko fiye. Iyaye da yawa sun sayi inji ya zauna a kwali saboda wannan.

Cikin kuɗin inji a lissafa na hular walda mai baƙin gilashi lamba 10 ko 11, da safar hannu ta fata. Tabarau na rana ba ya tare kome; hasken yana ƙona ido, sai cikin dare mutum ya ji kamar an zuba masa yashi. Hayaƙin walda ma ba abin shaƙa ba ne, gama a 2017 hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar. A yi aiki inda iska ke ratsawa, a kafa kwano ya tare yaran da ke taruwa kallo.

Abin da ya fi shafar hakimi da masu unguwa shi ne wurin zama. Kada a yarda rumfar mai walda ta yi maƙwabtaka da 'yan bumburutu, ko masu cika gas na girki, ko rumfar zana. In da hali a kwance salansa daga jikin mota a yi waldar a ƙasa. In tilas a jikinta za a yi, a cire kan batir, a kare tankin mai da bututun mai da faifan ƙarfe, a ajiye guga cike da yashi kusa.

In an gama, kafin a biya, a tayar da mota a fili, ba cikin gareji ba. Tun bututu bai yi zafi ba wani ya toshe bakinsa da tsumma na ɗan lokaci kaɗan, wani ya shafa ruwan sabulu a kan ɗinkin. Inda kumfa ta tashi akwai rami, sai a sake. Bayan kwana biyu a leƙa ƙarƙashi, in an ga baƙin kunkunniya a gefen ɗinki, nan ma yana yoyo. Malamin hakimi zai iya yin wannan gwaji a gaban masu rigima biyu, ya rubuta abin da ya gani.