Kafin ka sayar da gona don bizar Saudiyya

Ɗan uwa na Madawa, Buza ko Keita, in dillali ya ce aiki na jiranka a Jidda sannan ya miƙo maka bizar Umara, tsaya tukuna. Ba a aiki da ita. In ka kama aiki da ita, ka zama ɗan takari, sai kamu da kora.

Bizar aiki kafili, wato mai ɗaukarka aiki, ne ke nemo ta daga can, shi ne kuma zai yi maka igama, wato takardar izinin zama. Nemi kwantaragi a rubuce: sunan kafili, sana'ar, albashi da riyal, tsawon zama, masauki, da mai biyan jirgin dawowa. In da Larabci yake, malamin unguwa ya karanta maka. Kai shi ofishin hukumar samar da aiki ta ANPE na Tawa a duba kafin ka ba da ko dala.