Toka da man birki ba sa tsai da jini

Duk kaka sai na sake cin karo da abu guda. A kawo manomi daga ƙasar Mirya, Zermu ko ƙauyukan kewayenta, lauje ko gatari ya sare shi a ƙwauri, mu kwance tsumma mu tarar an cusa toka, ko garin taba, ko rairayi. A cikin birnin Damagaram kuma ƴan kabu-kabu da makanikai suna da tasu fatawar: man birki. Wai yana "ƙone jijiya". Wa ya karantar da ku wannan?

Man birki guba ne, naman da ke raye yake lalatawa. Toka da ƙasa kuwa, musamman ƙasar gona da aka zuba wa takin dabbobi, a nan ƙwayar tetanos take zaune, ciwon nan mai sarƙe haƙora ya sandarar da jiki. Sa'an nan kafin mu yi ɗinki sai mun wanke duk abin da kuka cusa, wankin kuma ya sake tayar da jinin. In kun ga ya tsaya bayan toka, ƙaramin rauni ne, da ma zai tsaya da kansa.

Abin da ke tsai da jini shi ne dannawa. Ka sami ƙyalle mai tsabta, rawani, kallabi ko riga, ka ninka, ka ɗora a bakin raunin, ka danna da ƙarfi, mai raunin yana kwance. Minti 10 cur, da agogon waya. A nan ne kusan kowa ke kasawa: bayan minti ɗaya sai wani ya ce a ɗaga a gani. Kada ka ɗaga! Duk ɗagawa tana ɓalle gudajin da ya fara haɗuwa. In ƙyallen ya jiƙe, ƙara wani a kansa, ka ci gaba da dannawa. In da leda, sa hannunka a ciki, don kare kanka.

Babban mutum lita 5 na jini yake da shi, ko kusa da haka. In babbar jijiya ta yanke, jini na tsartuwa, mintoci kaɗan sun isa a rasa shi. Idan dannawa ta gagara a hannu ko ƙafa, ɗaure sama da raunin da ƙyalle mai faɗi, kamar yatsu uku, ba a kan gwiwa ba, ka sa sanda ka murɗa har jinin ya tsaya. Ban da wayar ƙarfe, ban da siririyar igiya. Riƙe lokacin da ka ɗaure, kuma kada kowa ya sassauta sai likita.

Wuƙa ko ƙarfe ya maƙale a jiki? Bar shi, danna gefe da gefe. Kada a ba mai raunin ruwa ko fura, wataƙila aiki za a yi masa.

Masu taruwa da waya suna ɗaukar hoto a bakin titi, ku ji tsoron Allah. Wayar nan ta kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. A ƙauye kuwa a nufi asibitin CSI mafi kusa, mutum ɗaya na danne da raunin duk tsawon hanya, ko a kan amalanke ne. In an isa, a nemi allurar tetanos.