DARASIN KIWON LAFIYA: Cin Kwalama Ga Mai Son Rage Ƙiba

Darasinmu na wannan wata ya shafi ciki, ya kuma shafi lissafi. Akwai tambayar da mutane suke yawan yi idan ma'aikacin asibiti ya ce su rage ƙiba. Sukan ce: "To, shi ke nan mun yi ban kwana da ƙosai da alkaki da shayi mai zaƙi?" Amsa ita ce a'a. Mai son rage ƙiba yana iya taɓa kwalama. Sharaɗin guda ne: ya san yawan abin da ya ci, ya kuma sa shi cikin lissafin abincinsa na yini.

WA DARASIN YA SHAFA?

Manomin da yake yini a gona da fartanya ba kasafai yake tara ƙiba ba. Amma yau a karkara akwai masu aikin zama da yawa. Akwai tela, da mai tireda, da direba, da mai hawa babur ko da zuwa masallaci ne. Akwai matan da inji ya ɗauke musu niƙa da surfe, famfo ya ɗauke musu jan guga. Aiki ya ragu, amma ci bai ragu ba. Su ne darasin ya fi shafa.

Darasin bai shafi yara masu tasowa ba. Bai shafi mai juna biyu ba, ko mai shayarwa, ko ramamme, ko wanda bai daɗe da tashi daga ciwo ba. Waɗannan ƙarin abinci mai gina jiki suke bukata.

Mutanenmu sukan ɗauki ƙiba alamar wadata da hutu. Amma ƙibar da ta wuce kima, musamman teɓa, tana jawo hawan jini da ciwon suga da ciwon zuciya. Tana kuma gajiyar da gwiwa da baya.

Ga hanya mai sauƙi ta gane ko teɓa ta yi yawa. Samo igiya ko zare. Auna tsawonka daga ƙasa zuwa tsakar ka, ka yanke. Ninka igiyar biyu. Sai ka zagaya ta a cikinka, wajen cibiya. Idan bakin igiyar ya haɗu, to da sauƙi. Idan ya ƙi haɗuwa, teɓa ta yi yawa. Ƙa'idar ita ce kada zagayen ciki ya wuce rabin tsawon mutum. Mai tsawon santimita 170, kada cikinsa ya wuce santimita 85.

MENE NE KALORI?

Hatsi da mudu ake auna shi. Yadi da tef ake auna shi. Shi kuwa ƙarfin da abinci yake ba jiki, da kalori ake auna shi. Jiki yana ƙona kalori wajen numfashi da bugun zuciya da tafiya da aiki, har ma lokacin barci.

Mace baliga tana bukatar wajen kalori 2,000 a yini. Namiji yana bukatar wajen 2,500. Mai aikin ƙarfi, kamar noma ko faskare ko haƙar rijiya, yana bukatar fiye da haka. Mai aikin zama da tsoho suna bukatar ƙasa da haka.

Jiki yana da rumbu, rumbun nan kuwa shi ne kitse. Duk abin da aka ci wanda jiki bai ƙona ba, sai ya zuba shi a rumbu. Idan kuma abin da aka ci bai kai abin da jiki ya ƙona ba, sai ya buɗe rumbu ya ɗiba. Ta haka ne ƙiba take raguwa. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da wajen kalori 7,700.

INA KALORI YAKE ƁUYA?

Giram ɗaya na sukari ko na gari yana ba da kalori 4. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, wato fiye da ninki biyu. Shi ya sa duk abin da aka soya yake da nauyi a lissafi. Wake ɗaya ne a ƙosai da alala, amma ƙosai ya sha mai a kasko. Ga wasu abubuwan da muka saba da su, da kimanin kalorinsu:

1. Cokalin shayi ɗaya na sukari: 16.
2. Babban cokali ɗaya na zuma: 64.
3. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja: 120.
4. Kwalbar lemo mai zaƙi, mai santilita 35: 150.
5. Gyaɗa cikin tafin hannu, wajen giram 30: 170.
6. Dabino ƙarami guda ɗaya: 20.
7. Dafaffen ƙwai guda ɗaya: 75.
8. Lemon ɓawo matsakaici guda ɗaya: 60.
9. Kankana giram 100: 30.
10. Ruwa: ba ko ɗaya.

Ku duba da kyau. Babban cokali ɗaya na mai ya yi daidai da lemon ɓawo biyu. Cokalin mai ba zai cika ciki ba, amma lemo biyu za su tare yunwa. Kayan da suka haɗa mai da sukari da fulawa ko gari, irin su cincin da dubulan da alkaki da nakiya da fanke, ƙanana ne a ido amma manya ne a lissafi. Haka ma kantun riɗi da tuwon madara da gullisuwa.

Abin sha ya fi yaudara. Mutum zai sha kwalbar lemo, ko kofin zoɓo ko kunun aya da aka cika wa sukari, kuma ya zauna ya ci tuwonsa bai rage ko loma ɗaya ba. Cikin kwalbar lemo guda akwai sukari wajen cokalin shayi 9. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa sukarin da baligi zai sha a yini kada ya wuce wajen giram 50, wato cokalin shayi 12. Ta ce in an tsaya a cokali 6 ya fi kyau. Zuma ma tana cikin wannan lissafi. Ke nan kwalba ɗaya ta kusa cinye rabon yini gaba ɗaya.

DON ME BA ZA A DAINA GABA ƊAYA BA?

Wani yakan tashi da zafi ya ce daga yau ba shi ba zaƙi, ba shi ba suya. Yakan jure mako ɗaya ko biyu. Ran da ya je biki ko kasuwa sai kwaɗayi ya kayar da shi, ya ci na jiya da na shekaranjiya. Daga nan sai ya ce abin ya fi ƙarfinsa, ya watsar da komai. Rage ƙiba aikin watanni ne. Tsarin da mutum zai iya riƙewa shekara guda ya fi wanda zai yar bayan kwana goma. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku tuna da uwar gida da kuɗin cefane. Idan ta ga kifi a kasuwa ta yi sha'awa, tana iya saye. Amma daga cikin kuɗin cefanen za ta cire, sai ta rage wani abu. Ba za ta ci bashi kullum saboda kifi ba. Haka kwalama take. A cire ta daga cikin rabon yini. Kada a ɗora ta a kan rabon.

MISALI NA LISSAFI

Mu ɗauki wani mai tireda da yake yini a zaune. Ban da abincinsa na safe da rana da dare, ga abin da yake taɓawa kullum:

Shayin safe da sukari cokali 4: kalori 64.
Kwalbar lemo da rana: kalori 150.
Gyaɗa cikin tafi da la'asar: kalori 170.
Shayin dare da sukari cokali 4: kalori 64.
Jimla: kalori 448.

Idan ka tambaye shi zai ce shi ba ya cin komai sai tuwo. Bai yi ƙarya da gangan ba. Bai ɗauki waɗannan a matsayin abinci ba ne. Yanzu ga yadda zai gyara ba tare da ya hana kansa daɗi ba:

Shayin safe da sukari cokali 2: kalori 32.
Ruwan randa da lemon ɓawo guda da rana: kalori 60.
Rabin tafi na gyaɗa da la'asar: kalori 85.
Shayin dare da sukari cokali 2: kalori 32.
Jimla: kalori 209.

A cire 209 daga 448, saura 239. Wannan shi ne abin da ya rage a yini ɗaya. A kwana 30 ya zama 7,170, wato kusan kilo guda na kitse a wata. Bai kwana da yunwa ba, bai bar shayi ba, bai bar gyaɗa ba. Ran Juma'a kuma yana iya shan lemonsa na kwalba, ya bar gyaɗar ranar.

A sani cewa jiki ba ya bin lissafin allo daidai wa daida. Yayin da nauyi yake raguwa, abin da jiki yake ƙonawa ma yana ɗan raguwa, sai ramar ta riƙa tafiya a hankali. Wannan ba dalilin karaya ba ne. Ba sai mutum ya zama siriri zai ga amfani ba. Mai kilo 80 idan ya rage kilo 4 zuwa 8, sau da yawa hawan jininsa da sugansa sukan yi sauƙi.

DABARU SHIDA

Na ɗaya, zaɓi kwalama guda a yini. In ka ci ƙosai da safe, bar tsire sai wata rana.

Na biyu, ɗebi rabonka a ɗan faranti ko a tafin hannu, ka rufe sauran ka ajiye nesa. Mai ci daga cikin kwalla ko leda ba ya sanin inda ya tsaya.

Na uku, ci kwalama bayan abinci. Wanda ya tunkari cincin da yunwa zai ci da yawa.

Na huɗu, rage sukarin shayi da koko da fura a hankali, rabin cokali kowane mako. Harshe yana sabawa. Bayan wata guda, shayin da ka saba sha a da zai yi maka zaƙi da yawa.

Na biyar, uwar gida ta riƙa auna mai da cokali. Kada ta tuttula shi daga kwalba. A yawaita miyar ganye, irin su kuka da kuɓewa da alayyafo da zogale da rama, a ɗan rage malmalar tuwo.

Na shida, rubuta. Ga amfanin karatun da kuke koya. Samo ɗan littafi, ka rubuta duk abin da ya shiga bakinka na kwana bakwai, har da abin da aka miƙo maka a majalisa. Wanda bai iya lissafin kalori ba ya ƙirga cokali da kwalba da ƙwaya. Wannan ma lissafi ne.

A haɗa da motsa jiki. Tafiyar sauri ta rabin sa'a, kwana biyar a mako, tana taimakawa ƙwarai. Amma a lura: kwalbar lemon da aka shanye a minti biyu, sai an yi tafiyar rabin sa'a ko fiye kafin a ƙona ta. Rage ci ya fi saurin tasiri, tafiya kuma tana ƙarfafa zuciya da gaɓoɓi.

RANAR BIKI, SALLAH DA AZUMI

Ba a son mutum ya ƙi abincin maƙwabci ran suna ko ran sallah. Karɓi, ka yi godiya, ka ci kaɗan, ka raba sauran. Idan ka zarce a rana ɗaya, kada ka hana kanka abinci washegari don ramuwa. Koma kan tsarinka kawai. Kwana ɗaya ba ya cika rumbu. Abin da ake yi kullum shi ne yake cika shi.

Da azumi wasu sukan ƙara nauyi maimakon su rage, saboda soye-soye da kunu mai sukari da ake jerawa a buɗa-baki. A fara da dabino kaɗan da ruwa, a yi salla, sannan a ci abinci a natse. Malamanmu sun daɗe suna karantar da mu cewa a raba ciki uku, tsakanin abinci da ruwa da numfashi.

GARGAƊI

Mai ciwon suga, musamman mai shan magani ko mai yin allura, kada ya sauya abincinsa sai da shawarar ma'aikacin lafiya. Yawan yunwa tare da magani yana iya sa suga ya faɗi ƙasa, mutum ya suma.

Wanda ya ga yana ramewa ba tare da ya rage ci ba, ya hanzarta zuwa asibiti. Idan akwai yawan ƙishirwa da yawan fitsari, yana iya zama ciwon suga. Idan akwai tari fiye da mako biyu da zufar dare, yana iya zama tarin fuka.

A guji magungunan rage teɓa da ake talla a kasuwa da tasha. Da yawansu gudawa ko fitsari kawai suke sawa. Ruwan jiki ne yake fita, kitse yana nan inda yake. Haka kuma mata su guji ƙwayoyin sa ƙiba, domin wasunsu suna kumbura jiki, suna jawo hawan jini da ciwon suga.

TAMBAYOYI

1. Da me ake auna ƙarfin da abinci yake ba jiki?
2. Tsakanin giram ɗaya na mai da giram ɗaya na sukari, wanne ya fi kalori?
3. Cokalin sukari nawa ne a cikin kwalbar lemo guda?
4. Mace tana sa sukari cokali 3 a koko kullum. Kalori nawa ke nan a kwana 7?
5. Faɗi mutum uku da bai kamata su rage abinci ba.

AIKIN AJI

Malami ya kawo igiya aji. Maza su auna junansu, mata su auna junansu. Kowa ya rubuta kwalamar da ya ci jiya, ya zaɓi guda ɗaya da zai rage a wannan wata. A ajiye igiyar, a sake aunawa bayan wata uku.

Allah ya ƙara mana lafiya da wadatar zuci, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.