Ku Karanta Masa Tun Bai Fusata Ba

'Ya'yana masu ƙananan yara, ku ba ni kunnenku kaɗan. Ɗan shekara 3 da ya zube ƙasa yana birgima don an ƙwace masa abin wasa, ba rashin tarbiyya ke damunsa ba. Zuciya ce ta kawo masa wuya, ga shi bakinsa bai iya faɗin abin da yake ji ba tukuna. Tsawa da bulala za su rufe masa baki, amma ba za su koya masa yadda ake hucewa ba.

A nan littafi mai hotuna yake da rana. Akwai wanda wata Ba'amurkiya, Molly Bang, ta fitar a 1999 kan wata yarinya mai suna Sophie. 'Yar'uwarta ta fizge mata goggon birinta na wasa, uwar kuma ta goyi bayan 'yar'uwar. Nan take shafin ya rine ja jawur kamar gobara. Sophie ta fice da gudu, ta sha kukanta, ta haye wata ƙatuwar bishiya, iska na kaɗa ta. Sannu a hankali launin ya koma shuɗi da kore, ta dawo gida da ƙafarta. Ba wanda ya yi mata wa'azi, kuma abin da ya fi burge ni ke nan. Yaron da ko baƙi bai sani ba ya ga fushi ya taso, ya kuma ga ya kwanta. Sai dai naku ɗan kada ya koyi fita titi. Ku shimfiɗa masa tabarma a gefen ɗaki, ta zama wurin hucewarsa. Ai Manzon Allah (SAW) ma zama ya umarci mai fushi ya yi in yana tsaye.

Kada ku ɗauko littafin yana tsakiyar kuka, ba zai ji ku ba. Ku bari sai dare ya yi, ya ci ya ƙoshi, ku ɗora shi a cinya. Ku nuna fuskar yarinyar: “Me ya same ta? Kai fa, jiya da Yaya ya karɓe maka ƙwallo, yaya ka ji?” Ku yi shiru, ku bar shi ya lalubo amsar.

In Turanci ne matsalar, ku bi hotunan ku ba da labarin da Hausa. Shafin African Storybook ma yana da littattafan yara na Hausa kyauta, ana buɗe su a waya. Don Allah, iyaye maza, kada ku bar wa mata wannan aiki su kaɗai.