Hoton da Ke Gabanka Mutum Ne

Karatun yau: Esta sura 1; 2 Sama'ila 11:1-5; Luka 7:36-50

 A da, in saurayi yana so ya kalli abin da bai kamata ba, sai ya saci jiki da dare ya nufi gidan kallo, yana waige-waige kada wani dattijon ikkilisiya ya hange shi. Yanzu gidan kallon ya shiga aljihunsa. A tallan sabulu da na turare, a bidiyon waƙoƙi, a fina-finai, a TikTok da Instagram, ana nuna jikin mace da na namiji domin a tada sha'awa a kama idon mai kallo. A darasin nan za mu duba abin da ke samun wanda ake nunawa, da abin da ke samun mai kallo, sa'an nan mu koyi yadda Yesu yake duban mutum.

1. Bikin Shushan

Sarki Ahasurus ya mallaki larduna 127, tun daga Indiya har zuwa Kush. A shekara ta uku ta sarautarsa ya yi kwana 180 yana nuna wa hakimansa dukiyarsa da darajar mulkinsa. Bayan haka ya shirya wani biki na kwana bakwai a Shushan, aka yi ta shan ruwan inabi a finjalan zinariya. A rana ta bakwai, da abin sha ya hau masa kai, sai ya aiki fadawansa bakwai su kawo sarauniya Bashti sanye da kambi, domin taron maza su kalli kyanta.

Ku lura da yadda abin ya jeru. Ya nuna zinariya, ya nuna azurfa, ya nuna labule da gadaje. Da kayan nunawa suka ƙare, sai ya tuna da matarsa. A wannan rana ya lissafa ta cikin kayan gidansa. Bashti ta ƙi zuwa, aka kuwa tuɓe ta daga sarauta. Daga baya aka tattaro 'yan mata daga larduna, kowacce ta yi wata goma sha biyu ana gyara mata jiki da mai da turare kafin a kai ta gaban sarki.

Wannan shi ne tushen zancenmu. Duk inda aka mai da jikin mutum abin kallo, sai a manta da mai jikin: sunansa, iyayensa, tunaninsa, da ransa da zai tsaya gaban Allah. Farawa 1:27 ta koya mana cewa namiji da mace duka cikin siffar Allah aka halicce su. Jiki kuwa abu ne mai kyau, Allah ne ya yi shi, shi ne kuma ya kafa aure da jin daɗin da ke cikinsa. Zunubin shi ne a raba jiki da mai shi, a kai shi kasuwa.

2. Wanda ake nunawa

Akwai wata yarinya a Amurka mai suna Norma Jeane, an haife ta a 1926. Mahaifiyarta ba ta da lafiya, saboda haka ta tashi a hannun masu riƙo dabam-dabam, har ta zauna a gidan marayu. Da ta girma ta shiga neman aikin fim da sunan Marilyn Monroe. A 1949, lokacin ba ta da aiki ga kuma rashin kuɗi, ta yarda aka ɗauke ta hoto tsirara a kan dala 50. Ko takardar yarjejeniyar ma da wani suna ta sa hannu.

Bayan ta yi suna, wani mutum mai suna Hugh Hefner ya sayi ɗaya daga cikin hotunan nan a hannun wani kamfanin kalanda a kan dala 500. Ya buga shi a fitowar farko ta mujallarsa Playboy a watan Disamba na 1953. An sayar da kwafi fiye da 50,000. Bai nemi izininta ba, bai kuma biya ta ba. A kan wannan hoto ya kafa kasuwancin da ya azurta shi. Ita kuwa ta mutu a watan Agusta na 1962, tana da shekara 36, sanadin shan ƙwayoyin barci fiye da kima. Miliyoyin mutane sun san jikinta, kaɗan ne ƙwarai suka san damuwar da ke zuciyarta.

Kada mu ce wannan na mata ne kaɗai. Farawa 39 ta ba mu labarin Yusufu, kyakkyawan saurayi, bawa a gidan Fotifar. Uwargijiyarsa ta ɗora masa ido kamar wani abin da take da iko a kansa, da ya ƙi kuwa ta sa aka jefa shi kurkuku. A zamaninmu ma ana sayar da jikin maza. Wani ɗan wasan Amurka, Zac Efron, ya fito a fim ɗin Baywatch na 2017 da ƙirji da damatsa kamar an sassaƙa. A 2022 ya faɗa da bakinsa cewa sai da ya sha magungunan tsotse ruwan jiki kafin ya zama haka, abin kuma ya jawo masa rashin barci da baƙin ciki mai tsanani. Shi kansa mai jikin bai iya zama da jikin ba, ga samari kuwa suna kallo suna raina nasu.

3. Mai kallo

Mutanen tsibiran Fiji, a tekun Fasifik, sun saba yaba mace mai ƙiba, kamar yadda yake a wurare da yawa a ƙasashenmu. A 1995 talabijin ya isa wani yanki nasu mai suna Nadroga, yana kawo shirye-shiryen Amurka da Ostareliya cike da mata sirara. Wata likita daga jami'ar Harvard, Anne Becker, ta yi wa 'yan matan makarantar sakandare tambayoyi a wannan shekara, ta sāke yi a 1998. A karon farko ba ko ɗaya da ta ce tana jawo wa kanta amai don ta rame. Bayan shekara uku, kimanin 11 cikin 100 suka ce suna yi. Ba wanda ya ba su umarni. Kallo ne kawai, yau da gobe.

A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun binciken da kamfanin ya yi a ɓoye. A ciki, 32 cikin 100 na 'yan matan da aka tambaya sun ce idan suna jin jikinsu bai yi musu ba, Instagram yana ƙara musu wannan damuwa. Da yawa daga cikin hotunan nan kuma an yi musu gyara da kwamfuta, an rage nan an ƙara can. Abin ya kai ga ƙasar Faransa ta kafa doka: tun daga watan Oktoba na 2017, hoton talla da aka sāke siffar jikin mai tallan dole a rubuta a kai cewa gyararre ne.

Mu ma abin bai bar mu ba. Ku dubi yadda man bilicin ya cika kasuwanninmu, da ƙwayoyin da ake cewa suna ƙara ƙiba ko girman ƙugu. Yarinya da Allah ya yi mata baƙar fata mai kyau tana ƙona ta da mai domin ta yi kama da hoton da ba shi da gaskiya. Saurayi kuma bidiyon waƙa yana koya masa cewa cikakken namiji shi ne mai mota da kuɗi da mata kewaye da shi suna rawa. Magidanci ya gama kallo, ya ɗaga kai ya dubi matarsa da ta haifa masa 'ya'ya biyar, ta wuni a bakin murhu, sai ya ji ta gundure shi. Aure da yawa sun yi sanyi ta wannan hanya, ba tare da kowa ya fita waje ba.

Ya kamata mu san yadda wayar take aiki. Kamfanonin nan da talla suke samun kuɗi, saboda haka bukatarsu ita ce ka daɗe kana kallo. Na'urarsu tana ƙirga daƙiƙun da ka tsaya a kan kowane hoto. In ka ɗan dakata a kan mai rawa da 'yar guntuwar tufa, za ta kawo maka irinta, sa'an nan wadda ta fi ta. Hausawa sun ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Abin da ya ba ka kunya bara, bana ba ka ko ƙifta ido. Lamiri yakan mutu da kaɗan-kaɗan.

4. Duba iri biyu

Sarki Dawuda yana yawo a kan soro da yamma ya hangi wata mace tana wanka. Da ya aika a bincika, aka gaya masa sunanta Bat-sheba, aka faɗi sunan mahaifinta Eliyam, da na mijinta Uriya. Wannan amsa kaɗai ta isa ta tsai da shi, gama an tuna masa cewa 'yar wani ce, matar wani ce. Amma ya riga ya gama shawara da idonsa. Daga kallo aka kai ga zina, daga zina aka kai ga kisan Uriya. Sa'ad da Allah ya aiko annabi Natan, wurin Dawuda ya aike shi, a kansa ne aka ɗora laifin. Wannan darasi ne a gare mu maza, mu da muke saurin cewa tufafin mata ne suka jawo. A Matiyu 5:28 Yesu ya ɗora nauyin duban sha'awa a wuyan mai dubawa.

Yanzu mu je gidan Saminu Bafarisiye, a Luka 7. Wata mace da gari ya sani da zunubi ta shigo tana kuka, tana jiƙe ƙafafun Yesu da hawaye. Saminu ya dube ta, abin da ya gani shi ne irin matar da take. Yesu ya juya wajenta, ya tambayi Saminu ko ya gan ta kuwa. Sa'an nan ya lissafa abin da ta yi ɗaya-ɗaya, ya yaba ƙaunarta, ya gafarta mata, ya sallame ta da salama. Dawuda ya duba da sha'awa, Saminu ya duba da raini, dukansu biyu kuwa ba su ga mutum ba. Mu masu bi mun fi faɗawa cikin zunubin Saminu: mu kalli bidiyon yarinya har ƙarshe, sa'an nan mu zage ta. Almasihu ya mutu domin yarinyar nan ma.

5. Abin da za mu yi

Na ɗaya, ka yi alkawari da idonka kamar yadda Ayuba ya yi (Ayuba 31:1). In hoto ya bayyana, ka tuna cewa mai jikin nan yana da suna da uwa da uba, ka yi masa addu'a, ka wuce. Ka daina bin shafukan da ke jawo ka, ka kuma bar kwana da waya a shimfiɗa in nan ne kake faɗuwa.

Na biyu, kada ka tura. In hoton tsiraicin wata ya shigo zauren WhatsApp, wanda ya tura ya sa hannu cikin tozarta ta. Ka share, ka kuma tsawata. In 'yar ikkilisiya ce abin ya sama, a rufa mata asiri, a tsaya tare da ita da iyayenta.

Na uku, iyaye, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙwace waya kaɗai ba ya isa. Ku zauna ku kalli talla tare da yaranku, ku tambaye su: me ake sayarwa a nan, me ya haɗa jikin matar nan da wannan kaya? Uba, ka gaya wa 'yarka tana da kyau yadda Allah ya yi ta, ka yaba hankalinta da aikinta, kada ta je neman yabo wurin baƙi.

Na huɗu, 'yan mata da samari, kafin ku sa hotonku ku tambayi kanku abin da kuke so a gani. Jikinku haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, an kuma saye ku da tsada (1 Korantiyawa 6:19-20). Hoton da ya fita ba ya dawowa.

In kuwa ka riga ka nutse cikin kallon nan, kada ka fid da zuciya. Dawuda ya tuba, Allah kuma ya karɓe shi. Ka nemi fasto ko wani amintaccen mai bi, 'yar'uwa kuma ta nemi wata dattijuwa cikin zumuntar mata, ku faɗi gaskiya, ku yi addu'a tare. Zunubin da aka ɓoye ƙarfi yake ƙarawa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa aka hukunta Bashti, aka bar sarkin da ya nemi a nuna ta? Muna yin irin wannan shari'a a ikkilisiyarmu?
2. Wace talla ko waƙa kuka gani a makon nan da aka yi amfani da jikin mutum don sayar da wani abu?
3. Ta yaya za mu tsawata wa zunubi ba tare da mun zama kamar Saminu ba?

Addu'a

Ya Uba na sama, kai ne ka halicce mu maza da mata cikin siffarka. Ka gafarta mana inda muka dubi 'yan'uwanmu da sha'awa ko da raini. Ka warkar da waɗanda aka tozarta, ka kiyaye 'ya'yanmu, ka tsarkake idanunmu, ka koya mana duban mutane yadda Ɗanka yake dubansu. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.