Darasin Juma'a: Sanƙon Wuri da Abin da Ke Maganinsa



Darasinmu na wannan mako a kan sanƙo ne, musamman wanda ke kama mutum da wuri, yana ɗan shekara 20 zuwa 35. Wani zai ce ina ruwan takardar masallaci da gashin kai? To, akwai ruwanta. A nan Legas, daga Agege zuwa Mile 12 da Idi-Araba, samarinmu na zuba kuɗin jari a kwalaben da ba su san abin da ke ciki ba. Wani yana shan ƙwayar da ka iya taɓa zaman aurensa, ba tare da ya ga likita ba. Wani kuma ya daina zama a majalisa saboda tsokana. Abin da ya taɓa jari da lafiya da mutunci kuwa ya isa a yi darasi a kansa.

Me ke kawo shi?

Kan mutum na ɗauke da silin gashi wajen 100,000, kuma a kullum 50 zuwa 100 na zuba, wasu su maye gurbinsu. Saboda haka ganin gashi a mataji ba shi ne sanƙo ba.

Sanƙon da ya fi yawa a maza na gado ne. Jikin namiji na da sinadarin da ake kira testosteron, wani ɓangarensa kuma yana juyewa ya koma wani sinadari mai suna DHT. Ga wanda ya gaji abin, DHT ɗin nan yana tsuke saiwar gashi sannu a hankali. Gashin da ke fitowa sai ya riƙa sirancewa yana gajarta, har ya koma kamar na jariri, daga baya ya daina fitowa. Yakan fara daga gefen goshi biyu ko daga tsakar kai, ya bar gashin ƙeya da na saman kunne, don su DHT bai cika yi musu komai ba. Likitoci sun kasa shi mataki 7, bisa ma'aunin da wani likitan Amurka mai suna Norwood ya fitar a 1975.

Ana gadonsa ta wajen uba, ana gadonsa ta wajen uwa. Kada ka dubi babanka kaɗai, ka dubi kawunnanka da kakanka na wajen uwa.

Akwai maganganun da ya kamata mu ajiye. Hula ba ta kawo sanƙo, rawani ma haka. Yawan aski ba ya ƙara wa gashi kauri. Sanƙo ba alamar arziki ba ne, ba kuma alamar tsiya ba, ba sammu ba ne, ba ya nuna ƙarfin namiji ko rauninsa.

Ba kowace zubar gashi ce sanƙon gado ba

Nan ne mutane suka fi yin asara, domin sukan sayi maganin wata cuta su shafa wa wata. Kafin ka fitar da ko sisi, duba waɗannan:

In gashin ya zube a wuri guda, da ƙaiƙayi da farin gari kamar amosanin ka, wataƙila makero ne. Ya fi kama yara, yana kuma yaɗuwa ta kilifa da mataji da hula. Man shafawa kaɗai ba ya kashe na kai, sai an haɗa da maganin sha na makonni, wanda likita zai rubuta.

In wuri ya kwashe sumul kamar an ɗora kwabo, babu ƙaiƙayi babu ƙuraje, wannan wata cuta ce daban, inda garkuwar jiki ke faɗa da saiwar gashi. Sau da yawa gashin na dawowa, kuma akwai allurar da likitan fata ke yi a wurin.

In gashi na zuba ko'ina a kai, wata 2 zuwa 3 bayan zazzaɓi mai zafi irin taifot, ko tiyata, ko wani babban tashin hankali, yawanci yakan dawo da kansa cikin watanni. Ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo su ma suna sa haka, gwajin jini ne ke nunawa.

In kuma ƙuraje ne masu tauri a ƙeya, irin da ke biyo bayan aski mai ƙarfi, to a yi hanzari. Wannan ya yawaita a tsakanin baƙar fata, kuma in ya zama tabo gashi ba ya sake fitowa a wurin.

Mai tantance waɗannan shi ne likitan fata. Akwai su a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da na LASUTH da ke Ikeja. 'Yan'uwanmu na Sabo a Ibadan suna da UCH kusa da su. Kuɗin kati da ganin likita sau ɗaya bai kai abin da mutum ke kashewa a shekara kan kwalaben cikin mota ba.

Magunguna biyu da aka tabbatar

Na farko shi ne minoxidil, na shafawa. Asalinsa maganin hawan jini ne, sai aka lura masu shansa gashi na fito musu. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da na shafawa a kai a 1988. Akwai mai ƙarfin kashi 2 da mai kashi 5 cikin 100, maza sun fi amfani da na biyun. Ana ɗiga mililita 1 a fatar kai, ba a kan gashi ba, sau biyu a rana, kai na bushe, a bar shi kamar awa 4 ruwa bai wanke shi ba. Ga mai salla, lokacin da ya fi sauƙi shi ne bayan Asuba da bayan Lisha. A makonnin farko zubar gashin na iya ƙaruwa, kada ka firgita. Ba a ganin amfaninsa sai bayan wata 4 zuwa 6, kuma ba kowa yake yi wa aiki ba. Ya fi taimakon tsakar kai, a wurin da sauran gashi bai ƙare ba. Yana iya sa ƙaiƙayi. Mai ciwon zuciya ya tambayi likita tukuna. A ajiye shi nesa da yara, domin in yaro ya sha yana da haɗari ƙwarai.

Na biyu shi ne finasteride, ƙwaya mai miligiram 1, sau ɗaya a rana. An amince da ita don sanƙo a 1997. Aikinta rage DHT da fiye da rabi, kuma ga mafi yawan masu sha tana tsayar da zubar, wasu har gashi ya ɗan dawo. Amma fa a ji wannan da kyau. Mutum 1 zuwa 2 cikin 100 na samun raguwar sha'awa ko raunin gaba. Yawanci yana wucewa in an daina, sai dai akwai waɗanda suka ce nasu ya daɗe bayan sun bari. An kuma samu masu shiga baƙin ciki mai tsanani, har hukumar magunguna ta Birtaniya ta sa a riƙa saka katin gargaɗi a kwalinta tun 2024. Mace mai ciki kada ta taɓa ƙwayar da ta fashe ko aka daka, don tana iya cutar da ɗa namiji a ciki. Sannan tana rage adadin da gwajin PSA ke nunawa, wato gwajin jinin da ake yi wa maza don binciken kansar furosteti, don haka dole ka gaya wa likita kana sha. Wannan ba ƙwayar da yaron kemis zai miƙo maka ba ce. Likita ne zai rubuta, kuma mai iyali ya yi shawara da iyalinsa, tunda hakkin na mutum biyu ne.

Ga abin da masu talla ba sa faɗa: duka biyun ba sa warkarwa, riƙewa suke yi. Ranar da ka daina, cikin watanni kan zai koma inda da zai kai. To ɗan kasuwa, yi lissafi. Kwalbar minoxidil mai mililita 60 wata ɗaya take yi. Kwalba 12 ke nan a shekara, 120 a shekara 10. Tambayi farashinta yau ka ninka. In lissafin bai fita ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi. In kuwa za ka yi, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: wurin da ya riga ya yi santsi shekara da shekaru, magani ba ya tayar da shi.

Dashen gashi

Hanya ta uku tiyata ce. Ana ciro saiwar gashi daga ƙeya a dasa a gaba, ko ɗaya-ɗaya, ko a yanko siririyar fata a rarraba ta. Birnin Istanbul na Turkiyya ya yi suna a wannan aiki, kuma tallarsu ta cika Facebook da TikTok. Gashin da aka dasa yakan zube a makonnin farko, ya fara fitowa bayan wata 3 zuwa 4, ba a ganin cikakken sakamako sai wajen shekara.

Abu uku mai niyya ya sani. Na ɗaya, dashe ba ya ƙara yawan gashi, kaya ne aka ɗauko daga bayan shago aka jera a gaba, kuma na bayan yana da iyaka. Na biyu, saurayin da sanƙonsa ke kan tafiya, in ya yi dashe da wuri, gashin da ke bayan dashen zai ci gaba da zuba, ya bar masa tsibiri a goshi. Shi ya sa akan ce ya jira, ko ya haɗa da magani. Na uku, gashinmu a murɗe yake har cikin fata, cire shi sai gwani, kuma fatarmu ta fi saurin yin tabo mai tsiro. Duk wanda ƙaramin rauni ke zame masa tudu, ya faɗa wa likita kafin a taɓa shi.

Kayan cikin mota da na gida

Man kaɗanya, man zaitun, man kwakwa da man habbatus sauda suna laushin gashi da fata, babu laifi a shafa. Amma babu tabbacin cewa suna dawo da gashin da DHT ya kashe. Kwalbar da mai talla a cikin mota ya ce tana fito da gashi cikin kwana 7, ita ce kuma maganin basir da sanyi, ka bar masa kayansa. Gashi na tsawon kusan santimita 1 ne a wata, ko da me aka shafa. Wasu mayukan ma ana zuba musu sinadarin da ke cikin man bilicin, yana sirantar da fata ya kawo ƙuraje. Duk abin da za ka saya, ka nemi lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka saya a kantin magani mai rajista. Araha ba ta ado.

Ta fuskar addini

Neman magani halal ne. Game da dashe, malamai da dama sun halatta shi, saboda mayar da abin da ya tafi ne, ba canja halitta ba. Suna kafa hujja da hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na mutum uku daga Banu Isra'ila, kuturu da mai sanƙo da makaho, inda mai sanƙon ya roƙi gashi mai kyau kuma Allah Ya ba shi. Shaihu Ibn Usaimin na cikin masu wannan fatawa. Ƙarin gashi kuwa, wato haɗa naka da na wani, hadisi ya yi hani mai tsanani a kansa. Haka nan an hana aske wani sashen kai a bar wani.

A alwala, iyakar fuska daga inda gashi ya saba tsirowa ne, ba daga inda naka ya koma ba. Mai sanƙo zai wanke fuska zuwa nan, ya shafi sauran a matsayin kai. A lokacin azumi, na shafawa ba ya karya azumi, ƙwaya kuwa a mayar da ita dare. Mai sauran tambaya ya samu Malam Liman bayan salla.

Barin sa ma zaɓi ne

Sanƙon gado ba ya ciwo, ba ya rage kwana, ba ya hana haihuwa. Mutum na iya yin tal-kwabo ya sa hularsa ya kama harkarsa, kuma bai yi asarar komai ba. Sai dai mai yini a rana, ɗan dako ko mai tura baro ko ɗan acaɓa, ya rufe kansa don fatar na ƙonewa. Wajen wanzami kuma, a sa sabuwar reza ko ka je da kilifarka, saboda ciwon hanta nau'in B na bin jini.

Saura mu da ke gefe. Suratul Hujurati, aya ta 11, ta hana izgili da jifan juna da sunayen banza. Kiran mutum da sunan sanƙonsa, ko fizge masa hula a cikin kasuwa don a yi dariya, yana cikin wannan, ko da shi ma ya yi dariyar. Ba ka san da me yake kwana ba. Tsokanar nan ce ke tura yaro ya kwashi kuɗin ubangidansa ya kai wa mai kwalba. Iyaye kuma, in saurayi ya zo neman 'yarku, ku binciki addininsa da halinsa da sana'arsa. Shi ma saurayin kada ya ɓoye, ya bari a gan shi yadda yake tun kafin a ɗaura.

Wanda abin ke damunsa har ya hana shi barci ko shiga mutane, ya faɗa wa wanda ya yarda da shi, ya kuma faɗa wa likita, ba abin kunya ba ne. Wanda ya ga goshi ya fara ja da baya, ya ɗauki hoton kansa a waya yau, ya sake ɗauka bayan wata 3, ya tafi da su wurin likitan fata kafin ya sayi komai.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya mayar da matafiyanmu gida lafiya. Juma'a mai albarka.

Sakataren Masallaci