Amsoshin Tambayoyinku: Manhajar Banki a Wayar da Ba Ta da Google

Wani mai sauraro daga Bosso a Minna ya tambaya: me ya sa manhajar bankinsa ta ƙi buɗewa a sabuwar wayarsa ta Huawei?

Matsalar ta samo asali ne a 2019, lokacin da Amurka ta ƙaƙaba wa kamfanin takunkumi, sababbin wayoyinsa suka daina zuwa da manhajojin Google. Wasu manhajojin banki kuwa sai Google ya tabbatar musu da ingancin waya kafin su bari a shiga.

Kada ya yarda mai gyara ya tura masa manhajar banki ta Xender ko WhatsApp, domin ɓarayi na cusa jabu. Ya duba AppGallery, kantin manhajojin Huawei, ko ya danna lambar bankinsa: *737# ta GTBank, *894# ta First Bank.